Inda Take Gudu In An Buga Igwa

Jiya da aka buga igwar shan ruwa, 'yata ta wuce ni a guje ta faɗa kan tabarmar kakanta. Wata bakwai da binne shi, har yanzu can take nufa.

Baba, uban mijina, ya yi soja kafin ya zo Makka. Ya ce a hanyarsu ta zuwa yaƙi a ƙasar Bama jiragen saman abokan gaba suka biyo jirgin ruwansu cikin dare. Sai sun sako wata fitila mai saukowa a hankali, teku ta yi fari fat, sannan bam ya biyo baya. Shi ya sa kafin igwa yake ajiye dabinonsa, ya jawo yarinyar, ya toshe mata kunne da tafukansa masu kaushi.

"Halas, shi ke nan, amaryata," yakan ce mata, "wanda kika ji ƙararsa ya riga ya wuce ki."

Ni kuwa ina bakin murhu, raina na ƙuna. 'Yar fari ce, kunya ba ta bari in rungume ta a gabansa. Rannan na daure na ce, "Baba, kawo ta, za ta hana ka shan ruwa." Ya yi dariya. "Ke dai ji da miyarki."

Na daɗe ban yafe wannan dariyar ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa babu abin da ke sauko masa daga sama sai rahama. Ni kuma ya yaye mini wannan kishi, ya sa yau da magariba wurina za ta zo.