Kundin Mahaifin Kaka Falmata

A gidanmu na unguwar Birni, in sanyi ya shigo, ana idar da magariba muke kewaye murhun Kaka Falmata. Tana gasa mana gyaɗa a kasko, Hausarta na fita da ɗanɗanon Barbarci. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da guda ɗaya. In za ta ba da ita, sai ta janye kaskon daga wuta.

"Wannan ba ƙarya ba ce, ku gyara zama," in ji ta.

Mahaifinta malami ne a Gidimuni. Yana da kundi a cikin gafaka, rubutun hannun kakanninsa tun daga Barno: sunayensu, garuruwan da suka yada zango, rijiyoyin da suka haƙa, shekarun yunwa da na yaƙi. Wata rana wani Bature ya zo da tafinta da gardi biyu. Ya buɗe kundin, ya yaba, ya ce aro yake so. Zai kai shi gidan tarihi a Faransa don duniya ta san mu.

Kaka ta ce, "Babana ya ce duniya ta zo nan ta gani. Tafinta bai juya wannan maganar ba. Ya dai ce masa, Malam, baƙon kumandan ne."

Bayan tafiyarsu da kundin, tsohon ya dinga ƙoƙarin tuno abin da ke ciki. Yakan jero sunaye goma sha biyu, sai ya tsaya, ya rufe fuska da hannun riga. Ita Kaka bakwai ta riƙe, su take sa mu maimaita. In na yi kuskure sai ta ce, "A hankali, Hadiza. Mutane ne kike kira."

Shekarar da aka samu 'yancin kai, gari ya cika da kiɗa. Kaka ta kira babana, wanda yake aiki a biron kumandan, wato ofishin Baturen mulki.

"Mamman, tunda Turawa za su tafi, ka ce su maido kayan aro."

Babana ya sunkuyar da kai. "Iya, ba mu san sunan mutumin ba, balle ɗakin da aka ajiye shi."

Ba ta sake ba da labarin ba. Ta rasu kafin damina ta zagayo.

Na girma, na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, a Takieta. Littafin tarihin da aka ba ni in koyar ya fara labarin ƙasarmu ne daga ranar da Faransawa suka iso. Na yi shekaru ina karanta shi haka, ban ji komai ba. Sai ran nan wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Madam, kafin su zo, babu kowa a nan?"

Na ce akwai. Ta ce a wane shafi?

Ranar na gane abin da ya sa tsohon kuka. Shaidarmu aka ɗauke, aka dawo ana tambayarmu ina shaida. Na tsaya gaban yara arba'in, na san gaskiya, ba ni da abin da zan nuna musu.