Muryar Hajara da waƙar Japan

Hajara ta sa min abin sauraro a kunne, muna zaune a unguwar Ambassatna. Ɗalibata ce, ita ke ja mana waƙa a lise, wato makarantar sakandare, kafin ciwon maƙogwaro ya cinye muryarta.

Waƙar Japan ce, da wata siririyar murya.

Ta raɗa min da ƙyar: "Malam, ba mutum ba ce. Muryar wata aka zuba wa kwamfuta, take rera duk abin da aka rubuta. Za su zuba tawa?"

Na ce, "Sai in akwai kaset ɗin muryarki, 'yata."

Shekara uku tana mana waƙa, ko ni ban taɓa ɗaukar muryarta ba.

Ku fa, muryar wa kuka bari ta ɓace?