Ranar da Na Karɓo Fasfona

Sai da na kai shekara talatin likita ta gaya min ina da galahanga, wato abin da Turawa ke kira autism. Kafin nan, a gida Kano, miskila ake ce min. Ba na iya karantar fuska. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa, shi nake ɗauka.

A birnin Guangzhou na ƙasar Chana ina zaune da Gwaggona a unguwar Dengfeng, ina duba mata yadi a shagunan Xiaobei, don yatsuna ba sa kuskuren zare. A nan wani mai aika wa 'yan kasuwa kaya ya fara nemana da aure. Ya kwanta min a rai, saboda ba ya matsa min sai na kalli idonsa.

Wata rana ya ce in kawo fasfona ya ajiye min, wai ina da mantuwa. Ba ni da mantuwa, amma na ba shi.

"Kada ki gaya wa Gwaggo," ya ce. "Tsakaninmu ne."

Daga baya ya hana ni ziyartar wata ƙawata. Da na tambayi dalili, sai ya ce, "Wa zai iya da halinki in ba ni ba?"

Maganar ta tsaya min. Na rubuta kalamansa a takarda ɗaya bayan ɗaya, yadda nake jera samfurin yadi. Da na gan su a jere, na gane inda suka dosa. Na kai wa Gwaggo.

Ta karanta, ta cire tabarau. "Ni zan je karɓo fasfon ko ke?"

"Ni. Ki dai tsaya kusa."

Bayan azahar muka same shi a gidan abinci, hayaniya kamar ta fasa min kai.

"Ba ni fasfona."

Ya yi dariya. "Haba, zauna mu yi magana."

"Ba ni fasfona."

Ya lallashe ni, ya dawo ya ce ba ni da hankali. Na sake faɗa. Ni maimaita magana ba ya gajiyar da ni. Mutane suka bar cin abinci suna kallonsa. A karo na bakwai ya zuge jaka, ya ajiye fasfon a kan tebur.

Na duba shi shafi-shafi, sannan na ce, "Auren ma na fasa."

Muna fitowa Gwaggo ta rangaɗa guɗa a bakin titi, har wata 'yar Chana mai sayar da lemo ta hau tafa mana, ba ta ma san dalili ba.