Na Raba Maganin Ciwon Hantata da Ƙanina

Ni dillalin wake da riɗi ne a Keffi, sitona yana Gangaren Tudu. Da dakon buhu na fara, ba wanda ya ɗora ni a kan komai, shi ya sa a lokacin nake ganin babu matsalar da dabarata ba za ta warware ba.

Na je ba wa wani maƙwabcina jini, sai gwaji ya nuna ina da ciwon hanta nau'in C. Likita ya rubuta mini ƙwaya ta mako goma sha biyu, ɗaya kullum, ya ja kunnena kada in tsallake ko rana guda. Ya ce a gwada mutanen gidana. Matata da yara lafiya lau, amma ƙanina, wanda muka daɗe muna aski da reza ɗaya, an same shi da ita. Malamin makaranta ne a Panda, mai tsananin kunya. Ya roƙe ni, yana Yaya Yaya kamar zai yi kuka, kada in sa shi zaryar asibiti, don abokan aikinsa za su ce wata cutar ce daban. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Kwalba uku na karɓo, kuma tun a ta farko jikina ya yi garau. Na raba mana sauran, har na tsara a sha yau a huta gobe don ya kai mu. Ina ta yaba wa kaina.

Bayan watanni aka sake gwada ni, cutar tana nan. Da farko na yi wa likitan ƙarya, daga baya na faɗi gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce ƙwayar cutar tana hayayyafa ba tsayawa, kuma ba ta kwafar kanta daidai, kullum ana samun 'ya'yan da suka ɗan bambanta. Maganin yana da wani gurbi da yake kamawa a jikinta ya hana ta haihuwa, amma a cikin 'ya'yan akwai waɗanda gurbin ya sauya siffa, ba ya riƙe su da kyau. Cikakken magani yakan danne har da su. Rabi kuwa raunanan kawai yake kashewa, ya bar wa masu taurin kai fili.

Na kasa ɗaga kai. Ni ne nake yi wa 'yan kasuwa faɗa idan sun rage maganin ƙwari a buhun wake, ina ce musu waɗanda suka tsira za su haifi irin da magani ba ya ji. Abin da ban taɓa yi wa wakena ba, shi na yi wa ɗan uwana.

An sauya mini magani, na warke, amma ban gaya wa ƙanina abin da likita ya ce ba. Shi kuwa ya ƙi zuwa asibiti, wai ai ya sha nasa, sai da cikinsa ya kumbura. Yanzu yana hannun likitoci, hantar ta riga ta taɓu. Har yau yana faɗa wa mahaifiyarmu cewa Yaya ya raba maganinsa da shi, ita kuma tana sa mini albarka, ni kuwa na kasa faɗa musu gaskiya.

Na gane cewa wayon kasuwa iyakarsa kasuwa. Jama'a, ku shanye maganinku yadda aka ce, kada ku raba shi da kowa. In kuna ƙaunar mutum, ku kama hannunsa ku kai shi asibiti, ko da yana kuka.