Motar Baba da Ɗauko Mai Jego

Motar Baba ta girme ni. Tun yana aiki a ofishin hakimi ya saye ta hannu na biyu, doguwa, ruwan ƙasa, mai sauya giya da kanta. Da idonsa ya fara rauni ni ya miƙa wa makulli, don ni kaɗai na rage a gidan, kuma ni ce mai nacin. Mutanen Rogo sun yi surutunsu sun gaji.

Da kakar bara ta fara wani hali. Ina taka totur, in za ta shiga giya ta biyu sai ta yi jim, sannan ta yi harbi kamar jaki, har kan mutum ya bugi kujera. Baba ya ce tsufa ne, a yi mata uzuri. Na ce shi ma ai ya tsufa, ban ga yana harbin kowa ba.

Da ba mu damu ba, sai ga haihuwar Yaya. Tana aure a Karaye, haihuwar fari ce, kuma tiyata aka yi mata. Al'ada dai bayan suna a kawo ta gida ta yi jegonta a gaban Inna, ko da likita ya hana ruwan zafi sai ɗinki ya kame. Uwar mijinta kuwa ta aiko cewa in hanya za ta wahalar da ita, a bar musu ita su kula. Cikin ladabi aka faɗa, amma kowa ya san abin da ake nufi.

Inna ba ta kama sunan Yaya, kunyar 'yar fari. Tana tankaɗe ta ce, "Waccan ba za ta shiga motar nan da ɗinki a ciki ba. Ko a gyara, ko ta zauna inda take."

Baba ya yi kamar bai ji ba. Da la'asar sai ga bakanike ya iso a kan babur, wai Alhaji ne ya aika.

Sai da suka gaisa har kan gero da gyaɗa da jikin mai jego, ni ina tsaye da makulli ina jin kamar in fashe. Ya zaro ma'aunin man giya, ya shafa a yatsa, ya kai hanci.

"Alhaji, yaushe rabon a canza wannan?"

"Ai bai ragu ba."

"Bai ragu ba kam, amma ya zama kunun kanwa. Ja ake sonsa, garau."

Ya tsiyaye tsohon, ya sauya filta, ya zuba sabo. Muka fita gwaji. Jim ɗin ya tafi, harbin yana nan. Ya sosa ƙeya ya ce wataƙila sai an kai ta Kano an sauke giyar, a ba su mako biyu. Suna kuwa jibi.

Muka dawo gida. Ya ce in bar injin a kunne zai sake duba mai, wai na giya da zafinsa ake aunawa, a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Na leƙa ta gefensa. Can bayan injin ina jin wani siririn sauti, tsiii, kamar miciji a cikin kara.

"Malam, mene ne ke huci a nan?"

"Inji ne, Hajiya direba."

"Na san kukan injin nan fiye da muryar Baba. Wannan baƙo ne."

Ya kashe motar, ya tura hannu ya fito da ɓawon gyaɗa cike da tafi. Ya sake turawa, ya sake fitowa da wani. Sai ya kwashe da dariya. A rumfar da motar ke kwana muke jibge buhunan gyaɗa duk kaka, Baba yana cewa inuwa ɗaya ta ishi dukiya biyu. Ɓeraye suka mai da saman injin ɗakin cin abinci, da suka ƙoshi suka haɗa da wani siririn tiyo mai tafiya zuwa giya. Bakanike ya ce iskar da inji ke zuƙa ta cikinsa ce ke sa giya ta shiga a hankali, in ya huje sai ta shiga da ƙarfin tsiya. Ya yanke wurin, ya haɗa da sabon guntu.

Inna ba ta yarda da bakin kowa ba. Ta cika ƙwarya da ruwa har baki, ta yafa mayafi, ta shiga baya ta ɗora a cinya.

"Ja mu je. In zanina ya jiƙe, magana ta ƙare."

Na hau kwalta ta hanyar Ruwan Bago. Na ɗan sassauta ƙafa daidai inda na san za ta sauya. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ban ji komai ba sai ƙarar inji da ta sauko. Muka juyo. Inna ta fito ta duba zaninta, ta juye ruwan a gindin darbejiya, ta ce a fitar da gyaɗar nan daga rumfa yau ɗin nan.

Washegarin suna na je Karaye da Gwaggo, ƙanwar Baba, don Inna ba za ta je ba, kunya. Aka jera wa Yaya matasai, jaririya a hannun Gwaggo. Uwar mijin ta leƙo ta taga ta ce, "'Yar nan, a bi a hankali." Na ce to, har da rusunawa.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Kowane rami sai na gaishe shi kafin in wuce. Mai keke ɗauke da kara ya wuce mu, ya waiwayo yana kallo. Muna dab da gida Yaya ta buɗe ido.

"Auta, yau kuma lafiya? Ko man ne ya ƙare?"

"Ki yi shiru, Inna ce ta sa."

"Taka mana, ni yunwa nake ji."

Ban taka ba. Da muka tsaya Inna tana tsakar gida tana dama kunu, ba ta ko ɗago kai ba. Sai da Yaya ta sauko da ƙafarta, ta tako a miƙe har bakin ɗaki, sannan Inna ta ce da Gwaggo, "Miƙo min jaririyar nan in gani."