Irin Kuɓewar Barno

Shekarar da jirgin ƙasa ya fara isowa Kano, a ita na fara riƙe fartanya. Kafin nan hannuna bai san komai ba sai alƙalami da tawada. A bayan gidanmu na Madabo akwai wani kango kusa da kududdufi. Na share shi, na barbaɗa tokar murhu da kashin awaki da ya shekara. Yanzu an gina ɗakuna a wurin, amma in ruwan fari ya sauka, har yau ƙamshin ƙasar nan nake nema.

Iri kuwa wajen wani tsoho mai lambu a Jakara na samo, mutumin Barno. Ya zuba mini ƙwayar kuɓewa a tafin hannu, ya ce kakarsa ce ta ƙullo irin a bakin zane daga gabas. Ba ya sayarwa, aro yake bayarwa, in kaka ta yi a mayar masa.

Allah ya sa wa kuɓewar albarka. Gajeriya ce mai yauƙi, ban sake shan miya kamar ta wannan damina ba. Kullum bayan karatun safe sai in tsinko, har ta ƙare. Ban san ana barin 'ya'yan fari su bushe a jikin uwar ba, ban kuma tambaya ba.

Ashe ruwa ya kwanta a lambun tsohon, tasa duk ta ruɓe. Da kaka ya tako har zaurena neman irinsa. Na gaya masa gaskiya.

"Malam, ashe kakata ka cinye a miya," in ji shi. Ya yi 'yar dariya, ya ɗauki sandarsa.

Da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi. Ina cikin wannan damuwa matata ta tuna ƙanwarta ta Zaitawa ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ranar shuka. Na je, na tarar ta shuka, ta bar ƙwanson kuɓewa biyu sun bushe, suna rataye a madafi. Ta ara mini ɗaya.

Da damina ta dawo na shuka, ban ɗanɗana ko guda ba. Na mayar wa ƙanwar matata nata, na kai wa tsohon ƙoƙo cike. Idonsa ya riga ya dushe. Ya murza ƙwayar da yatsa, ya shinshina.

"Ita ce, Malam. Alhamdu lillahi. Ka sauke nauyi."