Clifford Mai Haƙa Kabari Yana Koyon Tuƙi

Shekara talatin da huɗu Clifford Thackray yana haƙa kabari a maƙabartar Hollinbeck, bai taɓa riƙe sitiyarin mota ba. Me zai yi da ita? Gidansa na bayan katangar maƙabartar, tafiyar minti shida, har da tsayawa gaida mai jarida. Kullum da safe zai fito da filas ɗin shayi da burodi mai cuku a aljihun kwat, ya buɗe ƙofar ƙarfe, ya shiga wajen mutanensa. Haka yake kiran matattun. Ya san kabarin da aka zurfafa don mutum uku na gida ɗaya, ya san wanda ya cika, ya san inda ruwa ke kwanciya in an yi mako ana sheƙa shi. Matarsa Doreen tana kwance a layi na tara, a bencin da ke gefenta yake cin abincin rana.

Ni Bernadette, a ofishin kwasar shara nake aiki, kuma ni ce wakiliyar ƙungiyar ma'aikata a ƙaramar hukumarmu. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka na wanke kaina.

Bara aka sanar za a rushe ƙananan hukumomi huɗu da majalisar gunduma, a haɗe su hukuma ɗaya mai kula da komai, daga ɗaya ga Afrilu. Tun daga ranar ofishinmu bai sake zama lafiya ba. Kowa na leƙen kowa, don kujera ɗaya ce za ta rage inda ake da biyar. Ƙungiya ta ce a ji ra'ayin 'ya'yanta, aka tura tambayoyi ta imel. Mu 'yan ofis muka cika, muka zazzage abin da ke cikinmu. A shafi na arba'in da ɗaya na sabon tsarin an rubuta cewa masu aikin maƙabartu za su zama tawaga ɗaya, su riƙa tashi daga garin Marsdyke, mil ashirin da biyu daga nan, kowa da lasin tuƙi. Na karanta wannan shafin. Na kuma miƙe a taro na ce babu ma'aikacin maƙabarta ko ɗaya da ya nuna rashin yarda. Da bakina na faɗa.

Ranar jana'izar wata maƙwabciyata na haɗu da Clifford. Yana tsaye nesa kamar yadda ya saba, hula a hannu. Da mutane suka watse sai ya matso.

"Uwar ƙungiya, wai da gaske za a kwashe mu zuwa Marsdyke?"

Na ce ai an tambaye shi, shi ne bai amsa ba.

"Wa ya tambaye ni? Ina nan kullum, kuma nan ba wurin da ake ɓata ba ne."

Ashe adireshin imel ɗin da aka buɗe masa shekara tara da suka wuce bai taɓa shiga ba. Takardar da aka rubuta masa lambar sirri ya ce yana jin da ita ya hura murhu. Shi da masu share titi da masu yankan ciyawa, duk haka suke. Mun zauna a ɗaki mai ɗumi mun tambayi junanmu, muka kira shi jin ra'ayin ma'aikata.

Saura kwana uku a rufe karɓar amsoshin. Na buga takardun, na bi su wuri-wuri da biro. Clifford ya daɗe yana duban tasa, ya tsallake tambayoyin duka, a ƙasa ya rubuta layi ɗaya: ba ni da lasin.

Na kai wannan layin gaban masu tsara sabuwar hukumar, na yi masifa har muryata ta dishe. Suka saurare ni da ladabi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Suka ce ba wanda za a kora, kowa zai koma sabuwar hukuma da haƙƙinsa. Amma wanda bai samu lasin ba kafin Afrilu, za a nema masa wani aikin da ya dace. Na tambaya wane aiki ne ya dace da mai shekara sittin da ɗaya da bai san komai ba sai ƙasar Hollinbeck. Aka ce za a duba.

To, shi ya sa duk ranar Lahadi nake kai masa 'yar motata ya koyi tuƙi. A cikin maƙabartar muka fara, don ya ce a nan in ya bankaɗe wani ba za a kai ƙara ba. Hannunsa lafiya lau, ba ya rawa. Matsalar rashin gudu ce. Duk motar da ya sani a rayuwarsa ta ɗaukar gawa ce, tana tafe yana gabanta a ƙafa, kuma a wajensa haka mota mai mutunci take tafiya.

"Taka mai, dattijo, ba Doreen muka ɗauko ba."

"Ke kika ga inda sauri yake kai mutane, ga su nan kwance," ya ce, bai ko dube ni ba.

A watan Janairu ya yi gwajin farko, ya faɗi. Mai gwajin ya ce ya tara motoci a bayansa tun daga gada har shataletale. Sannan da motar gawa ta zo wucewa, Clifford ya tsaya cak a tsakiyar titi ya cire hula. Da na yi masa faɗa sai ya ce tsohuwar Misis Pickersgill ce a ciki, shi ya haƙa mata kabari jiya, ta yaya za ta wuce shi da hula a ka?

An ba shi gwaji na biyu ranar goma sha tara ga Maris. Babu wani gurbin kafin Afrilu, na buga waya har an gane muryata. Ya rame, wandon aikinsa sai da ya ƙara wa bel huda. Makon jiya na iske shi a bencin layi na tara, littafin dokokin hanya a gwiwarsa, shayinsa ya huce. Ya tambaye ni, in bai ci ba, makullin ƙofar ƙarfen wa zai miƙa wa. Na ce ya tashi mu je babban titi, yau sai ya kai gudun mil arba'in a awa.

Ya kai talatin da ɗaya.